Silifar Ladidi a Lagdo

Bazara ta dafa Garwa kamar ƙwai a yashi,
na rufe shago, na rataye almakashi,
na ce yau Lahadi, allura ma ta huta.
Mu shida a motar Hamadu mai tari,
Iya Kande a gaba, rungume da buta,
yara na gardamar wa zai fara hango ruwa.

A ƙofa Bakari ya yagi tikiti:
babba ɗari biyar, yaro ɗari biyu,
tsohuwa kuwa, in ji shi, albarkarta ta biya.

Wurin ba wani girma:
lilo uku, ɗaya ya karye,
benci a gindin tsamiya, rumfar mai gasa karfasa,
sai ruwa, ya miƙe har gindin duwatsu
kamar bandir ɗin shadda da ba a taɓa yanka ba.
Ni da nake auna duniya da kamu da taƙi
na rasa ta inda zan fara awo.

Habsatu ta shimfiɗa tabarma, ta buɗe kwanon dambu.
Iro ya rantse ya ga kunnen dorina;
kututture ne, amma mun bar masa dorinarsa.

Sai Ladidi ta tsoma ƙafa,
ruwa ya zare mata silifa ɗaya, ja,
sayen shekaranjiya.
Na naɗe wando, na shiga har gwiwa,
takalmi ya yi gaba kamar ya biya kuɗin kwale-kwale.

Iya, wadda tun rasuwar Baba
ba ta taka ko zaure ba,
ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
"Bar shi," ta ce, "ruwa ma na son tsaraba."
Ta tuɓe nata, ta taka taɓo,
ta tsaya ruwa na lasar idon sawunta,
tana nuna wa jikoki da haɓa
inda gonar masakwar ubanta ke kwance
tun kafin a datse kogi.

Da la'asar muka ci kifi, yaji ya sa Sule hawaye.

A hanyar gida kowa ya yi barci,
Ladidi ƙanƙame da warin takalmi.
Na lissafa: jaka bakwai da silifa guda.
Na sake lissafi, na sa dariyar nan a ciki,
sai na ga tafki ne ke bi na bashi.

Iya na gaba, idonta biyu.
Taɓo ya bushe a ƙafarta,
ga buta a cinya, ta ƙi wankewa.