Ɗan Gawo a Tashar Jidda

Kakana Nomau da ƙafa ya zo ƙasar nan,
shekara uku yana tafe, yana ƙodago a gonakin Gadarif,
ba fasfo, ba hatimi, daga sanda sai buta.
Ni kuwa kashin shanu na kawo,
kwantena biyu, buhu dubu da ɗari shida,
takardunsa sun fi na ɗan Adam kauri.

Akwai wadda ta rantse an turara shi da zafi,
wadda ta ce ba tsutsa, ba ƙwan tsutsa,
ta awon gishiri, ta awon laima,
da wata da na biya fassararta sau biyu
don mai fassarar farko shara ya rubuta a gurbin taki.

Siraju Hausawi, dillalin fito, haifaffen nan,
Hausarsa ta yi yaushi kamar goron bara,
ya ce, "Alhaji, a nan ko kashi sai da biza."
Muka yi dariya.
Ranar farko ke nan, dariya tana da araha.

Mish'al, ma'aikacin awo, da farar safar hannu
ya soka ƙarfe a cikin buhu
kamar mai sayen gero a Dawanau.
Abin da ya fito baƙi ne, laushi kamar garin lalle.
Wata biyar ni da Tanimu muna juya shi da shebur
har warin turke ya koma ƙamshin ruwan farko.
Ya ƙulle a leda, ya liƙa lamba, ya ce, "Bukra."

Bukra ta zo ta wuce, ta haifi wata.
Kuɗin ajiya na saka ƙwai kowace safiya.
Daga Buraida mai gonar dabino yana bugo waya:
itatuwansa ɗari huɗu suna tsaye cikin yashi,
yashin da ke shan ruwa bai ce na gode ba.

Ranar tara aka kira ni ɗakin gwaji.
Sanyi, farin fitila, faranti goma a jere
da takina a ciki, an yi ta ba shi ruwa.
Tara shiru.
Na goma ga wani abu kore, bai kai farce ba,
ya ɗaga kai yana kallon silin.

Mish'al ya jawo littafin hotunan ciyawa.
Na ce ajiye, na san ɗan gidan su waye.
Gawo ne.
Na gefen rijiya a gonarmu ta Gumel,
wanda shanu ke kwasar 'ya'yansa da rani,
wanda gero ke tsawon mutum a ƙarƙashinsa.
Ya bi ta cikin saniya bai narke ba,
ya kwana a wutar juji, ya sha jijjigar mota har Legas,
kwana talatin a kan ruwan gishiri,
ga shi ya iso ƙasa mai tsarki a kan ƙafarsa.

Na ce ai wannan alheri ne, ba ciyawa ba.
Ya ce, "Iri mai rai, iri mai rai ne."
Ban ƙi ta tasa ba.
Wanda ya raini gona a cikin hamada
ba ya buɗe wa baƙon da bai sani ba ƙofa.

A sake turarawa a nan, ko a mayar.
Na sa hannu. Ribar kwantena guda ta tafi.
Na roƙi ɗan tsiron ko a gwangwanin madara,
ya girgiza kai, doka ta ce wuta.
Amma ya bari na ɗauki hotonsa,
har ya matso min da fitila.

Da dare na kira Tanimu.
Na ce gefen juji ne ba ya ɗaukar zafi,
a riƙa turo shi tsakiya, a sayo rariya mai ƙananan ido.
Ya ce to. Ya ce akwai saura?
Na ce idan ka bi ta rijiya gobe,
ka duba min gawon nan.