Ƙidayar Asuba a Lagdo

Da asuba nake ƙirga su, kafin ladan ya yi shiru:
gartsa arba'in, kurungu masu ɗigo-ɗigo sittin,
talibanban uku, kumbure da fushi kamar masu bin bashi.
Waɗannan ba na miya ba ne.
Ubana ya kama giwan ruwa don tukunya,
ni na kallo nake kamawa,
a ɗura su a leda, a hura musu iska,
su bi mota har Duwala,
su hau jirgin da ban taɓa hawa ba,
su je su yi iyo a falon wani
wanda bai san sunan Binuwai ba.

Talata na ga fari a leɓen ɗaya,
sai ka ce auduga ya ci.
Laraba wutsiyarsa ta zama tsumma.
Alhamis sha ɗaya suka juya ciki sama.
Kurungu dama haka yake iyo,
sai na yi wa kaina ƙarya har azahar.

Na sauya ruwa. Na barbaɗa gishiri.
Na zargi Bawuro da baƙin ido, Allah ya yafe mini.

Jenabu ta ɗakin gwaji a Garwa
ta kankaro majinar gawa ɗaya kan gilashi,
ta ce, sa idonka nan.
Na gan su, sirara, sun yi cincirindo
kamar dillalai sun hango kwalekwale.
Ta ce, tun fil azal suna cikin ruwa,
cunkoso ne ya buɗe musu ƙofa,
da zafin baho, da komar da ba ka shanyawa.
Sai ta dubi yatsana
inda ƙaya ta soke ni, wata guda ya ƙi rufewa.
Ba ta yi magana ba. Ta jawo wata takardar.

Da dare mai saye ya bugo: kwali nawa?
Kuɗin makarantar Hansatu na cikin amsar.
In tsince matattu, in ɗaure sauran,
wa zai sani kafin Duwala?

Waya a kunne, ido a baho.
Wani ɗan gartsa ya taso, ya shaƙi iska, ya koma ƙasa.

Na ce, ba wannan makon ba.

Na haƙa rami nesa da gaɓa,
don kada kogi ya karɓi abin da bai ba ni ba.
Komar tana kan igiya, tana ɗiga.
Gobe da asuba zan sake ƙirgawa.