Huda Biyu

Shekara bakwai jirgin baba yana tsakar gidanmu a Tawa,
tsakanin turken akuya da bakin rariya.
Fiffiken dama inuwar kaji ne,
na hagu kuwa inna ke shanya a kai in baba ya fita.
Injin daga cikin wata matacciyar mota aka zaro shi,
kujerar ta wani ofishi ce da aka rufe.
Saura duka ƙusa ne da haƙuri.
Bai taɓa barin ƙasa ba,
sai dai ya yi ruri, ya watsa tsabar gero, ya yi shiru.

Ran Laraba baba ya shigo da ƙullin leda.
Ya ce, Cima, riƙe mini tocila.
A tafinsa wasu baƙaƙen abubuwa biyu,
kowane da ɗan baki a buɗe kamar ɗan tsako.
Kafar caji, in ji shi.
Taswirar matuƙin yanzu a salula take,
in ta mutu a sama, wa zai tambaya hanya?

Ya ɗiga alama da tsinin ƙusa
a allon gaba, kusa da agogunan da na haddace tun ina rarrafe:
na tsawo, na gudu, na zafin mai.
Mahudi ya yi kuka,
garin sanholo ya zubo masa a cinya yana ƙyalli.
Batir sha biyu yake bayarwa, salula biyar take sha,
kamar ruwan wankan jariri, sai an sirka.
Jar waya ta bi ta fiyus,
baƙar ta kama jikin ƙarfe.
Hayaƙin dalma ya shige mini ido, hannuna ya karkace,
ya ce, haska aikin, ba gemuna ba.

Ɗigon haske shuɗi ya kama.
Na buɗe baki zan yi guɗa,
sai na ga inda yake kallo.
Allurar da ke nuna arewa ta sake shawara,
arewa ta koma shagon Tankari mai faci.
Ya zare waya, ta dawo.
Ya mayar, ta sake tafiya.
Wanda ya bi wannan, ya ce a hankali,
zai nufi Agadas ya kwana Keita.

Aikin yini guda.
Bai zagi kowa ba. Ya sha ruwa,
ya auna taƙi ɗaya da yatsu uku, ya sake huda.
Tsohon ramin ya liƙe shi da kwabbai, dala biyar-biyar,
suna nan har yau, kamar idanun da suka yi barci.

Daren Juma'a aka ɗauke wuta unguwa duka.
Masu cewa sannu direban sama in ya wuce,
su ne suka fara sallama,
kowa da salula a hannu, fuskarta baƙi ƙirin.
Biyu-biyu, in ji baba, a bi layi.

Tsahara mai ƙosai ce ta ƙarshe.
Wata huɗu ba ta ji muryar ɗanta ba.
Igiyar gajera ce, dole ta hau.
Ta tattare zane, ta taka taya,
ta zauna inda babu wanda ya taɓa zama sai baba,
gwiwarta na gogar sandar tuƙi.
Ƙara ɗaya, biyu, biyar.
Illa? Illa, kana jina?
Daga cikin jirgi nake kiranka!
Ta yi dariya har fiffike ya girgiza,
kaji suka farka.

Baba yana tsaye wajen wutsiya, bai ce komai ba.
Da kowa ya watse ya ɗauko littafin nan mai shuɗin bango
da ya saya shekara bakwai, bai rubuta ko baƙi ɗaya ba.
Ya ce, haska.
Ya sa kwanan wata. Ya tsaya yana tauna biro.
Sannan:
Tawa zuwa Abijan, fasinja ɗaya,
minti shida, an sauka lafiya.

Akuya na can tana cin ledar da kafofin suka zo a ciki.