Tukuna

Ƙarfe biyu na rana a Runjin Sambo,
wuta ta tafi tun hantsi, fanka ta yi cak,
kwanon rufi yana ƙara kamar kaskon suya.
Mu saba'in da ɗaya, benci ashirin.
Malama Luba ta shigo da guntun alli
wanda bai kai gaɓar yatsa ba,
ta ja layi biyu suka gitta juna a allo,
ta ce, wannan sunansa ekis,
shi ne abin da ba mu sani ba tukuna.

Tukuna.
Duk darasin ya zube, wannan kalma ce ta maƙale.

Da yamma na kai wa Baba Labbo labari
a rumfarsa ta albasa.
Buhu sha bakwai daga Wurno, biyu sun ruɓe,
kuɗin mota, la'ada, haƙƙin 'yan dako,
ya lumshe ido, leɓe na motsi,
kafin in fiƙe fensir ya faɗi riba har da sule.
Ya ce, mi kuka biɗa wanda ba ku sani ba?
In bashi na, ni na san mai riƙe da shi.

Zangon farko sha tara na ci cikin ɗari.
Malama ba ta ɗauki tsumagiya ba.
Ta ɗora farce a layi na huɗu,
ta ce, nan ka yar da alamar ɗebewa
kamar ɗan aike ya yar da canji a hanya.
Koma ka tsinto ta.
Na koma. Tana nan kwance inda na bar ta.

Shekaru suka ja, na shiga bas ɗin jami'a,
muna tsallake gadar Rima da sassafe,
fadama kore shar, littafi a cinya, gumi a wuya.
Dakta Hali ya tsaya nesa da ƙofa,
ya ce, zan taka rabin abin da ya rage,
sannan rabin saura, sannan rabin wannan.
Ya yi ta matsawa, muna ta dariya,
hancinsa ya kusa taɓa katako.
Ya juyo ya ce, yaushe zan isa?
Aji ya yi tsit.
Ranar ban ci abincin rana ba,
na zauna gindin dogon yaro ina raba ɗaya
har takarda ta ƙare, ɗaya bai ƙare ba.

Ina aji uku Baba ya rasu.
Bai bar littafi ba, ko ƙyallen takarda,
lissafin shekara arba'in ya bi shi kushewa.
Ni mai karatun lissafi aka zuba wa ido,
ban san ko sisi ba.

Ranar bakwai wani tsoho ya zo daga Kware,
ya kwance bakin zani, ya ce, na buhu ukku na.
Bayansa wata mai tuwo, bayanta direba.
Ina rubutawa, hannuna na rawa.
Har yau ban ja layi a ƙarƙashi ba,
don bara ma wani ya yi sallama.

Yanzu ni ke riƙe da alli a Mabera.
Jiya Hassi, mai zama kusa da taga,
ta ɗaga hannu ta ce, Malam,
wanga ekis, in an gane shi, mi za a yi da shi?
Na buɗe baki, ƙamshin albasa ya zo mini
daga wata mota da ta wuce.

Na ce, fara nemo shi.
Ta ce, ban iya ba.
Na ce, ƙarasa maganar.
Ta dube ni, ta dubi allo,
ta ce, tukuna.