Kwana Arba'in da Ɗaya

Ranar da suka sa kwaɗo a ƙofar asibitin
ina da kwana sha tara ban sha ba.
Mai gadi ya nuna mini takarda a bango:
annoba ta shigo Legas, kowa ya koma gida.

Gida? Ɗaki ɗaya a Agege, mu biyar,
kasuwa a kulle, albasata tana ruɓewa a buhu.
Titi ya yi tsit, ko danfo babu,
kaina ne kawai ya ƙi yin shiru.
Mai maganin tari kuwa, doka ba ta san tagarsa ba,
har bashi ya ce zai ba ni.

Daren Alhamis waya ta yi ƙara.
"Sallau, Sista Morenike ce. Ka ci abinci?"
Hausarta tana ɗingishi, amma ba ta sauri.
Na ce hannuna rawa yake.
Ta ce riƙe wayar da ɗayan.
Na ce kwalbar tana aljihuna.
Ta yi shiru, ina jiyo janareton maƙwabtanta,
can ta ce, "A rufe take?"

A rufe take.
Muka yi ta magana har katinta ya ƙare.

Yau arba'in da ɗaya.
Da tsinken ashana nake ƙirgawa a gwangwanin madara.
Kwalbar tana ƙarƙashin katifa,
ban zubar ba, ban buɗe ba.
Gobe Alhamis.
Tun azahar na kai wayar caji.