Tukunyar Iba

Shekara goma sha ɗaya ina lambu a Iba,
bayan titin da ke gangarawa Ojo,
inda ƙasa baƙa ce, tana danƙo a tafin ƙafa.
Latas nake shukawa da alayyafo da ugu,
ban-ruwa kuwa daga kududdufai nake ɗiba,
bakwai ne, a jere kamar carbin da ya tsinke bai watse ba.

Ban raɗa musu suna ba.
Na tsakiya ne kawai Iya Morenike ke kira Tukunya,
don ko rani ya kai intaha ba ya ƙafewa.

Na ɗauka kowanne zaman kansa yake,
har wani dare da ruwa ya kwana yana zuba,
na fito da tocila in duba kunyoyi,
sai ga tarwaɗa a kan ciyawa,
tana jan ciki, tana dogara ƙaya,
ta baro na biyu ta nufi na uku
kamar mai zuwa barkar haihuwa.
Kwaɗi na biye da ita, ba su kai kan yatsa ba,
can baya kififiya, ba ta san gaggawa ba.
Na kashe tocila.
Kunya ta kama ni, na leƙa tafiyar da ba tawa ba.

Daga ranar na soma lura.
Mazari ya yi ƙwai a na fari, ya yi farauta a na biyar.
Zalɓe ya karya kumallo nan, ya ci na rana can.
Na shida kan bushe har ya tsattsage,
ruwan farko na sauka sai ga 'yan kifi a ciki,
ba wanda ya zuba, Tukunya ce ta aiko.
Ashe gida ɗaya ne mai ɗaki bakwai,
ciyawar da nake takawa ita ce tsakar gida.

Ranar wata Talata tifa ta zo,
ta juye yashi ta koma, ta dawo har sau tara.
Kafin la'asar Tukunya ta zama fili.
Mai wurin ya ce, "Ɗaya na cike, shida na nan,
kukan me kuke?"
A lissafi ya yi gaskiya.
Amma cire tsakiyar gada,
ka ce da mai ƙetarewa ai katako da saura.

Katanga ta tashi, bulo tara.
Damina ta dawo, kwaɗi suka fito yadda suka gada,
suka tarar da siminti.
Na kwashe su da safe a gindin bango, cikin bokiti,
wasu da rai.
Na shida ya cika da ruwa, ruwa kawai,
sai tsutsar sauro ke iyo ba mai ce mata kul.
Dare ya yi shiru, irin shirun da ke hana barci.
'Yata Tasalla ta yi zazzaɓi sau uku kafin kaka.

Ba ni da takarda, ba ni da lauya.
Na ɗauki kwandon latas, Iya ta ɗaura ɗankwali,
muka sami Sabitu magini yana cin abincin rana.
Muka ce bulo biyu muke roƙo,
biyu a gabas, biyu a yamma, can ƙasa,
da 'yar kwata ta bi gefen fili.
Ya yi dariya har ya ƙware,
ya ce zai faɗa wa mai gida don ambaliya ce.
Ba ƙarya ya yi ba.

Na haƙa ragowar da fartanyata, taku saba'in,
na dasa bado, na bar ciyawa ta yi tsawo.
Maƙwabta na cewa Ɗan'azumi ya gina wa kwaɗi titi.

Tukunya dai ba za ta dawo ba.
Amma jiya da asuba, a bakin ramin gabas,
na ga sawu a taɓo, siriri, mai karkace,
ya shiga bai fito ba.
Na zagaya yamma da gudu, takalmi a hannu,
na tsuguna ina jira.