Kafin Numfashi Ya Ƙare

Uwata Malsun ta yi shekara hamsin tana nutso a tekun Jeju,
ba tulun iska a bayanta, sai huhu da wuƙa da taurin rai.
Ta san ramin kowace kaguwa kamar yadda ta san madafinta,
ta san ranar da ruwa zai janye, ba ta taɓa duba kalanda ba.
In ta ɓullo sai ta yi fito, siriri, mai tsawo,
mu yara a kan baƙin dutse mu ce: ga ta can, teku bai ci ta ba.

Abin bai zo da ganga ba.
Ya fara da miya, gishiri sau biyu, wata Talata.
Sai makullin gida a cikin tukunyar shinkafa.
Sai ta tambaye ni yaushe za a tsinke lemu,
na faɗa, ta gyaɗa kai, ta sake tambaya,
ta kuma sakewa kafin shayin hannuna ya huce.
Na ce tsufa ne. Wa ya tsufa bai yi mantuwa ba?

Ta kira ni Okbun. Okbun ƙanwarta ce,
ruwa ya tafi da ita tun ba a haife ni ba.
Na amsa, har da dariya.
Daren nan idona bai ga barci ba.

Maƙwabcinmu ne ya riƙo ta wata safiya.
Ya same ta tsaye tsakanin katangun dutse,
tabaran nutso a hannu, takalmi ƙafa ɗaya,
taku arba'in daga ƙofar da ta shiga tana amarya,
tana tambayarsa cikin ladabi
ko ya san gidan wata mata, wai ita Malsun.

Yayana ya kira daga Busan: ku rufa mana asiri,
kada gari ya ɗauka uwarmu ta taɓu.
Na ce, Gitaek, wannan ciwo ne, ba hauka ba,
kuma wanda ya ɓoye ciwo, ciwo kan ɓoye shi.
Ya yi shiru. Na ji yana jan hanci. Bai musa ba.

Muka hau motar ƙarfe bakwai zuwa asibitin birni.
Likita ta ce ta riƙe kalma uku: jirgi, hula, gyaɗa.
Aka jima, aka nema. Jirgi kaɗai ya dawo.
Ta ce ta zana agogo.
Uwata ta zana da'ira mai kyau kamar bakin kwando,
ta tara lambobin duka a gefe guda
kamar tsuntsaye sun fake wa iska.
Ta dube ni da kunya. Ban taɓa ganin kunyarta ba.

Aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton kai.
Likita ta ce: gara da kuka zo yanzu.
Abin da ya tafi, ban yi alkawarin dawo da shi ba,
amma akan rage masa gudu,
kuma yau tana da bakin faɗin abin da take so.
Ta kuwa faɗa: littafin banki a wurina,
ɗakinta mai kallon teku, kada a raba su.

Yanzu ƙofofinmu duk da takarda a manne.
Suna da lambar waya na ɗinke a aljihun rigarta.
Laraba da Juma'a tana ɓare tafarnuwa da tsofaffin ƙawaye.
In ta ce Okbun, na daina gyara mata.

Ina 'yar shekara tara ta koya mini nutso.
Ta ce: ko kin ga abin da kike so a ƙasa,
ki taso tun da sauran iska a ƙirjinki.
Na kusa wata goma sha ɗaya ina cewa tsufa ne.

Jiya da magariba, a bakin taga, ta yi fiton nan.
Na ajiye kwano na amsa mata daga madafi.